Majinginar bayan mashin: ta noti ko ta walda?

Kafin ka kai mashin wajen mai walda, fara tambayar kanka me ka fi ɗauka, mutum ko kaya.

Idan kai manomi ne irina, Boxer ɗinka ita ce motar gida ita ce kuma jakin kaya, to sa ta noti. Ranar Juma'a da za ka kai buhun gero ko akuya kasuwar Wudil, sifana kawai za ka ɗauko ka kwance ta, kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan mashin, ta samu fili. Majingina a tsaye hana buhu kwanciya take yi, nauyi ya karkata gefe, kan mashin ya riƙa rawa cikin rairayi. Aibin ta noti ɗaya: gargadar hanya tana sassauta noti. Ka sa washa mai sifirin ko ka ninka noti biyu, kuma ka riƙa girgiza ta da hannu kafin ka tayar.

Ta walda kuwa ta wanda kullum cikin kai iyali yake, ko tsohuwa zuwa asibiti. Ba ta ƙara, ba ta girgiɗi. Amma ka ce wa mai walda a jikin kariya zai liƙa, kada ya taɓa firam, don zafin wuta yana raunana ƙarfen. Ya kuma cire kan batir tukuna.

Ni dai ta noti nake ba mutanen ƙauyenmu shawara. Kowacce ka zaɓa, kada tsayinta ya wuce tsakiyar bayan fasinja, in ba haka ba mace mai zani ko goyo za ta sha wuyar hawa. A naɗe ta da soso da leda mai kauri.