Kafin ku kwance altaneta a gida

'Yan uwa, in batirin mota ba ya caji, kafin ku zargi altaneta, wato na'urar da ke yi masa caji, ku fara gwadawa da mitar auna wuta, don sau da yawa laifin bel ne ko dattin kan batir. Inji a kashe, lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6. Inji na aiki, ya kamata ya hau 13.8 zuwa 14.5. In bai motsa ba alhali bel da fiyus lafiya suke, to altanetar ce.

Ku cire kan batir mai alamar ragewa tukuna. Don Allah kar a tsallake wannan. Babbar wayar bayan altaneta tana ɗauke da wuta ko makulli na aljihu, sifana na haɗa ta da jikin inji sai tartsatsi, fiyus ya ƙone ko hannu.

Ku ɗauki hoton yadda bel ya zagaya, ku sassauta tenshina, wato abin da ke riƙe tsaurin bel, ku zare bel ɗin. Sai soket, babbar waya, da notuna biyu ko uku da ke riƙe da altanetar. Ku jera sabuwa da tsohuwa: amfiya (ƙarfin wutar da take bayarwa), bakin soket da yawan layin fuli (gargaren da bel ke hawa) duk su zo ɗaya.

A motar da ake ɗaure bel da hannu, tsakiyarsa ta lotsa kamar santimita 1 in an danna. Tsauri da yawa yana cin boris, sako-sako kuma sai ƙara da raunin caji.

Gwajin nan na zare kan batir inji na aiki, ku bar shi. Wuta tana iya hauhawa ta kashe kwamfutar mota.