Yadda ake jiƙa garin ɓawon kwakwa a busar da shi don akwatin gizo-gizon tarantula

Garin ɓawon kwakwa da ake shimfiɗa wa tarantula, wato babban gizo-gizo mai gashi da wasu ke kiwo, yana zuwa ne a matse kamar bulo, galibi daga Indiya ko Siri Lanka. Bulo mai nauyin giram 650 yakan kumbura ya ba da kusan lita 8. Sai an zuba masa ruwa yake buɗewa, kuma a nan yawancin masu kiwo suke yin kuskure: su cika bokiti fal, sannan su yi kwanaki suna fama da caɓi.

Wajen saye, nemi wanda aka yi don dabbobi. Na shagon shuke-shuke wani lokaci an gauraya shi da taki ko maganin ƙwari, kuma abin da ke kashe ƙwaro yana kashe gizo-gizo. Mai arha yakan zo da gishiri. Irin wannan sai ka jiƙa shi, ka tsiyaye, ka maimaita sau biyu.

Saka bulon a baho mai tsabta wanda bai taɓa ganin omo ba. Zuba ruwan ɗumi lita 2 kacal, ka bar shi minti 20. Kankare gefen da ya yi laushi da hannu, sai ka ƙara rabin lita a kan tsakiyar da ta rage da tauri. Haka za ka yi ta yi. Lita 3 ta kan isa. Damƙi cikin hannu ka matse da ƙarfi. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa: ƙulle shi a tsohon zane ka murɗe. In ya dunƙule, ka taɓa shi da yatsa ya warware, to wannan danshin ya dace da nau'o'in tarantula na daji mai laima.

Masu son bushewa, irin su Grammostola rosea ta ƙasar Chile, sai an busar musu sarai. Baza garin a faranti mai faɗi, kaurinsa kada ya wuce santimita 2, ka juya shi duk bayan 'yan awoyi. A Riyad, inda iska take a bushe, yini ɗaya a saman bene yakan wadatar lokacin zafi. Jidda kuwa laimar teku na jinkirta shi, har ma ya sake tsotsar danshi da dare, don haka ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya fi. In a waje ne, rufe da yankin gidan sauro ka danne gefuna da dutse, saboda kiyashi, ƙura da kyanwa. Kada ka shanya ranar da aka yi feshin maganin kyankyaso a gidan.

Mai gaggawa zai iya amfani da oben a kan digiri 90 zuwa 100 na ma'aunin Celsius, yana juyawa duk minti 15. Tsaya kusa, domin busasshen zare yana iya kamawa da wuta. Bar shi ya huce kafin ka zuba.

Saman garin yana yaudara. Zai yi haske alhali ƙasa na nan da duhu. Tura yatsa har gindin farantin. In ka ji sanyi, da saura. Garin da aka zuba da danshi a akwatin da iska ba ta shiga sosai, shi ke kawo fumfuna da ƙananan ƙudaje. Wata alamar ita ce ka ga gizo-gizon ya maƙale a jikin gilashi ya ƙi saukowa, kuma wannan abin tsoro ne, don in ya faɗo cikinsa na iya fashewa.

Shi ya sa ake cika akwatin nau'o'in da ke zama a ƙasa har tazarar da ke tsakanin gari da murfi ba ta wuce faɗin ƙafafunsa sau ɗaya da rabi ba. Zuba kaɗan-kaɗan kana dannawa da tafin hannu, domin busasshen gari sako-sako ne, rami ba ya tsayuwa a cikinsa. Masu haƙa rami suna buƙatar zurfin santimita 15 ko fiye. Ajiye ƙaramin kwanon ruwa a kusurwa guda, ragowar garin kuma kada ka ɗaure shi a leda sai ya bushe ƙayau.