Babi na Bakwai: Tsara Rikodi a Ƙamusun Bayanai

Darasi na ɗaya: Rikodi da gurabensa

Kafin ƙungiyarku ta manoman shinkafa a fadamar Argungu ta shigar da sunayen membobinta a kwamfuta, dole ne a fara gaya wa na'urar abin da za a rubuta game da kowane mutum, da irinsa, da yawan wurin da zai ci. Wannan bayanin shi ake kira ƙamusun bayanai. Abin da aka rubuta game da manomi ɗaya a layi ɗaya shi ne rikodi, kowane yanki nasa kuma, kamar suna ko lambar waya, shi ne gurbi. Manhajar da za mu yi aiki da ita ita ce CSPro, wadda hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta samar kuma take bayarwa kyauta, amma yau ba za mu taɓa ta ba. Kowa ya ɗauko fensir da littafin lissafi mai gida-gida. Harafi ɗaya yana cin gida ɗaya, lamba ɗaya gida ɗaya, tazarar da ke tsakanin suna biyu ita ma gida ɗaya take ci.

Darasi na biyu: Mafari da faɗi

Iyayena da yayyena, a nan ne aka fi tuntuɓe, saboda haka kada wanda ya ji kunya in ya kuskure. Gurbinmu na farko shi ne lambar memba, mun ba shi faɗin gida 4. Ku ɗora bakin fensir a gidan farko ku ƙirga da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Gida na 4 ya riga ya sami mai shi, don haka gurbin suna zai fara ne daga gida na 5. Idan ɗan kasuwa ya kama rumfa ta 1 zuwa ta 4 a kasuwar Jega, maƙwabcinsa ba zai shimfiɗa kayansa a ta 4 ba, sai a ta 5.

Ga ƙa'idar: ku haɗa mafarin gurbi da faɗinsa, abin da ya fito shi ne mafarin gurbi na gaba. 1 da 4 sun ba da 5. Suna ya fara a 5, faɗinsa 30, to 5 da 30 sun ba da 35. Wannan 35 ɗin ba ƙarshen suna ba ne, mafarin na gaba ne. Suna ya ƙare a gida na 34. Wanda bai yarda ba ya ƙirga da fensir daga 5 har ya cika gida 30, zai ga inda ya tsaya. Madalla da wanda ya tsaya a 34.

Mu sake. Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, kowacce da lambarta za mu rubuta ta, ba da sunanta ba, kuma tunda 21 lamba biyu ce, gurbin ƙaramar hukuma yana buƙatar gida 2. Ya fara a 35, ya ci 35 da 36, na gaba ya fara a 37. Lambar waya gida 11 ce: 37 da 11 sun ba da 48, ke nan waya ta ƙare a 47. Yawan buhuna gida 3, daga 48 zuwa 50. Idan kun tara faɗin guraben biyar kuka sami 50, aikinku ya yi daidai.

Na sha ganin wanda ya gyaɗa kai a aji, washegari ya kawo takarda da gurabe biyu a gida guda, harafin ƙarshe na sunan mutum ya faɗa cikin ƙaramar hukumarsa. Wannan ba rashin kai ba ne, ƙyuyar ƙirge ce kawai. Manhajar tana iya yi muku wannan lissafin da kanta, gaskiya ne, amma wanda bai iya shi da hannu ba, ranar da rikodi ya karkace zuru zai yi wa allo. Na faɗa na maimaita: mafari da faɗi, su ne mafarin na gaba. Wanda bai ƙirga gidajensa ba kada ya kawo mini littafinsa.

Darasi na uku: Lamba ko rubutu

Abin da ake tarawa, kamar buhuna, a sa shi a matsayin lamba. Suna rubutu ne. Lambar waya ma a sa ta a matsayin rubutu, domin ba a tara ta, kuma kwamfuta tana iya zubar da sifirin da ke farkonta.

Darasi na huɗu: Sunan gurbi

A rubuta shi da manyan haruffa, ba tazara, ba harafi mai lanƙwasa, kamar haka: KARAMAR_HUKUMA. Aikin gida shi ne a ƙara gurbin shekarun manomi bayan buhuna, a rubuta mafarinsa.