Kurakuran da ke kashe furen wardi mai hawa bango a gidajen Birnin Kebbi

Tun a wurin saye ake fara tafka kuskure. Dashen wardi da yawa daga Jos ake kawo shi, garin da ke kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, inda iska ke da sanyi. A nan kuwa zafin Afrilu yakan haura digiri 40. Wasu irin na Turai sai sun sha sanyi mai tsanani suke fure, don haka a ƙasarmu ganye kawai za su yi ta zubawa. Mafi aminci shi ne reshen da aka yanko daga wardin da ya riga ya shekara a garin nan yana fure. In a leda za ka saya, saya mai fure a jikinsa, ka kai hanci ka sansana, domin ba kowane wardi ke da ƙamshi ba. Ƙwayar irin da ake tallatawa a intanet da hoton wardi shuɗi kuwa, riƙe kuɗinka, babu shuɗin wardi na asali.

Sai wurin dasawa, wanda nan ne aka fi asara. An ji cewa wardi na son rana, sai a manna shi da katangar da ke fuskantar yamma, ko jikin shingen kwano. Daga azahar zuwa la'asar bulo ya ɗau zafi, har bayan magariba yana huci, ganye ya soye, furen ya bushe kafin ya gama buɗewa. Katangar da ke kallon gabas ake nema: ya sha hantsi kamar awa shida, rana na karkatawa inuwa ta rufe shi. A bar tazarar kamu ɗaya tsakanin gindinsa da bango don iska ta ratsa. Lokacin dashe kuma farkon damina ne in ruwa ya zauna, ko bayan ɗaukewarsa da sanyi ya fara shigowa. Dashen Maris wahalar banza ce.

Taki ma yana kisa. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu da aka kwaso yau daga turke yana ƙona saiwa, kuma yana gayyato gara. Sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina wari, a cuɗa shi da ƙasar rami. Matan gida kuma su daina juye tokar murhu da ruwan wanki a gindinsa. Toka na hana saiwa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa, shi ya sa za ka ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore.

Ban ruwa: yayyafin kofi ɗaya kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama inda ƙasa ke tafasa. A yi masa ɗan gurbi, a zuba bokiti guda da sassafe ya nutse, da bazara kuma a ƙara yawan ranakun ban ruwan. A rufe ƙasar da buntun shinkafa, abin da ba ya wuya a Kebbi, amma kada ya taɓa karan, kuma a riƙa ɗagawa ana duba gara. Da damina a guji jiƙa ganye da yamma, nan ne cutar baƙin tabo ke samun shiga. Ganyen da ya kamu a tsinke a ƙona. Da hunturu kuma akasin haka ne: ƙura na kawo wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke saƙa a bayan ganye, sai a wanke shi da ruwa da safe.

Akwai kuma wanda wardinsa lafiya lau, ya miƙe har ya wuce katanga, amma fure uku ne rak a can ƙololuwa. Wardi ba ya kama bango da kansa, ɗaure shi ake yi, kuma reshen da ya tafi sama sak a kansa kawai yake fure. A ja waya ko igiya a kwance, a lanƙwaso manyan rassan tun suna da taushi, a ɗaure su a gicciye da tsumma, ba da waya mai cin jiki ba. Kowane ido a jikin reshen zai tsiro ƙaramin reshe, su ne masu furen. Shekara biyun farko kada almakashi ya kusanci manyan rassan nan, busasshe da furen da ya yanƙwane kaɗai ake cirewa. In dashen aure ne, wato an haɗa reshen mai ƙamshi a kan gindin wani wardin, duk tohon da ya fito ta ƙasan mahaɗin a fizge shi, na uwar gindi ne, zai cinye mai ƙamshin.

Gidan da ke da awaki kuwa, a kewaye shi da raga tun ranar dashe. Ƙayar wardi ba ta hana akuya komai.