Layuka da Tabo a Hoton Babbar Firinta: Yadda Za Ka Gano Tushen Matsalar

Kafin ka danna wankin kan firinta, wato sashen da ke fesa tawada a kan takarda, fara buga takardar gwajin ƙofofin feshi. Wanki yana shan tawada mai tsada, yana cika tankin datti, kuma akwai matsaloli da dama da ba shi ne maganinsu ba.

A takardar gwajin, kowane launi yana da nasa jerin gajerun layuka. Duba inda giɓi yake. Idan kullum a wuri ɗaya yake fitowa, busasshiyar tawada ce ta toshe ƙofar. Yi ƙaramin wanki, na launin kaɗai in firintar ta ba da dama, ka sake gwaji. Amma idan giɓin yana sauya wuri, yau nan gobe can, ko wankin ma ya ƙara dagula shi, to ba toshewa ba ce. Ko dai iska ta shiga hanyar tawada, ko kofin robar da kan ke kwanciya a kai ba ya rufewa ruf, shi ya sa famfo ya kasa zuƙa. Nan ne mutane ke asara, suna ta maimaita wanki. Bayan na 2 ko na 3 ka dakata, ka bar firintar kamar awa 6, ko ta kwana, kumfar ta lafa. Sannan ka goge bakin kofin da robar share kai da sandar goge mara zare da ruwan da kamfanin ya amince da shi. Fuskar kan kuwa, kada tishu ya taɓa ta.

Idan gwajin ya fito tsaf amma layuka na ratsa hoton da tazara iri ɗaya, matsalar tura takarda ce. Fararen layuka na nufin takardar tana wuce ƙima a kowane zagaye. Masu duhu kuwa ba ta kai ba, feshi yana hawa kan feshi. Tabbatar irin takardar da ka zaɓa a manhaja ita ce a cikin firintar, domin tafiyar kanbas dabam take da ta takarda mai sheƙi, sannan ka yi gyaran turawa. Layin tsaye da ya rabu biyu yana neman daidaita kai. Gwada bugu ta fuska ɗaya, wato kan ya yi feshi a tafiya kawai, ban da dawowa. In ya gyaru, ka kama mai laifin.

Shafar baƙi a gefe, musamman wajen ƙarshen naɗin takarda, kan ne ke gogar takardar da ta lanƙwashe. Tsayar da bugun nan take, don gogar tana iya kashe kan. Ƙara ƙarfin iskar da ke manne takarda, ka ɗaga tazarar da ke tsakanin kai da takarda mataki ɗaya tak, domin in ta yi yawa hoton zai dushe. Danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60.

Launi da ya karkata, gwaji kuma lafiya lau, sau da yawa sarrafa launi sau biyu ne, wato manhajar hoto da ta firinta duk suna gyara launin. Idan Photoshop ke riƙe da furofayil ɗin ICC, wato fayil ɗin da ke daidaita launi da irin firinta da takarda, kashe gyaran launi a manhajar firinta. Duba irin baƙin tawada ma: na takarda mara sheƙi yana gogewa a kan mai sheƙi, na mai sheƙi kuma yana fitowa kamar toka a kan mara sheƙi. Firintar da ta daɗe a ajiye, ƙwayoyin launin sun kwanta a gindi, sai ka cire katirij ɗin ka girgiza a hankali kafin ka mayar.