Yadda za ki ɗauraye kwanuka ba tare da ɓarnar ruwa ba

A Damagaram ruwa tsada gare shi, balle da bazara in famfo ya ɗauke sai an jira ɗan garuwa. Shi ya sa wasu ke saɓa kwano da Omo su kife shi, kumfa na tsiyaya. Ni kam ban yarda ba. Sabulu ɗago maiƙo da ƙwayoyin cuta yake yi, ruwan ɗauraya ne ke tafiya da su.

Da farko ki kankare ragowar tuwo. Tukunyar da ta kama ki jiƙa ta tun ana cin abinci.

Sai ki ajiye roba biyu, ɗaya ta kumfa, ɗaya wayam. Ki fara da kofuna da cokula, masu maiƙo daga ƙarshe.

Wajen ɗauraya kada ki tsoma kwanon, ruwan zai gurɓace tun a kwano na biyar. Ki riƙe shi bisa robar wayam, ki zuba ruwa da moɗa kaɗan-kaɗan har santsi ya fita. Abin da ya taru ki jiƙa tukunya da shi. Akushi da ƙwarya suna shan sabulu, su kam sau biyu.

Ki kife kwanukan duka cikin kwando a rana, nesa da ƙasa. Soson ma ki matse ki shanya.