Yadda ake zaɓen matatar ruwa ta hannu don kwanan daji da lokacin ambaliya

Kafin ka tambayi wace matata za ka saya, fara duba ruwan da za ka tace da ita. Ruwan gulbi a Argungu ko Jega cikin watan Agusta ja ne wur saboda laka. Rijiyar da ambaliya ta shafe a Bagudo ko Yauri tana iya komawa garau a ido bayan kwana biyu, alhali masai ya riga ya zubo a ciki. Tafkin da ke kusa da inda ake wanke ƙasar zinariya a Anka ko Bukkuyum kuwa, damuwarsa guba ce da ta narke a ruwan. Babu matatar hannu guda ɗaya da ke maganin ukun nan gaba ɗaya, kuma duk mai shagon da ya ce maka tasa tana yi, ciniki kawai yake nema.

Girman ramin matata

Aikin matata irin na rariya ne: abin da ya fi ramin girma ya tsaya, wanda bai kai ba ya wuce. Ana auna ramin da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa kashi uku ne ta fuskar girma. Manyan su ne irin su amiba mai kawo atini, da jiyadiya, da kirifto, daga maikiron 4 zuwa sama. Na tsakiya su ne bakteriya, ciki har da masu kawo kwalara da taifot, kaurinsu wajen rabin maikiron. Ƙananan su ne bairos, irin na ciwon hanta nau'in A da E da kuma rota mai sa yara gudawa, daga maikiron 0.02 zuwa 0.1.

Yawancin matatun hannu da ke kasuwa raminsu 0.1 ne ko 0.2. Sawyer Mini 0.1 ce, LifeStraw ta mutum ɗaya da Katadyn Pocket 0.2 ne. Suna tare kashi na farko da na biyu, bairos kuwa yana iya wucewa abinsa. Masu hawan duwatsu a Amurka da Turai suna shan ruwan ƙorama da irin waɗannan kaɗai su zauna lafiya, don can ba a cika samun bayan gidan mutane a ruwan ba. A nan ruwan ambaliya da masai da garke duk wuri ɗaya suke haɗuwa, ga shi ciwon hanta nau'in E yana da mugun haɗari ga mai juna biyu. Hanya biyu ce ta rage. Ko ka sayi mai rami 0.02, irin LifeStraw Family ko MSR Guardian, ko ka sayi mai 0.1 ka bi ta da kilorin. Ta biyun ta fi dacewa da yawancin mutanenmu: ta fi araha, ba ta saurin toshewa, kuma su biyun suna cike wa juna giɓi, domin kilorin yana kashe bairos amma ba ya iya kirifto, matata kuma tana tare kirifto ta bar bairos.

A jikin kwali ka nemi lambar maikiron ɗin a rubuce. In an sa "absolute" kusa da ita, ana nufin babu ramin da ya fi wannan lamba girma. In "nominal" ne, matsakaici ne kawai, akwai ramukan da suka fi haka faɗi. Farar matatar zare mai maikiron 5 ko 1 da ake ɗaura wa famfon gida yashi da tsatsa take tarewa, ba kwalara ba. Kwalin da bai faɗi lamba ba sai hoton yaro yana shan ruwa, a bar shi a shago. Shaidar gwaji da za a iya dogara da ita ita ce NSF P231, wato ma'aunin gwajin cire ƙwayoyin cuta na hukumar NSF, ko sakamakon gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya wadda ke ba kayan tace ruwan gida tauraro ɗaya zuwa uku. Yawan litar da aka rubuta matata za ta tace a rayuwarta kuma lissafin ruwa mai haske ne, kada ka ɗora shi a kan ruwan gulbi.

Wace iri, don wa

Akwai ta zuƙa, mai kama da gajeren bututu. Manya za su tuna wadda aka riƙa rabawa ana ratayawa a wuya lokacin yaƙi da kurkunu, kafin a tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013. Waccan ƙananan ƙwarin ruwa masu ɗauke da tsutsar kawai take tarewa, don haka in tana nan a akwati, ba ta kare kowa daga amai da gudawa. Ta zamani tana tare bakteriya, LifeStraw ta ce tata tana kai lita 4,000. Ta yi wa makiyayi ko mafarauci mai tafiya shi kaɗai. Amma ba a cika tukunya da ita, ba damar ƙara kilorin tunda daga tafki sai baki, kuma ƙaramin yaro ko wanda gudawa ta galabaitar ba shi da ƙarfin zuƙa. Ga iyali ba ta da amfani.

Ta matsewa ita ce wadda ake murɗawa a bakin jaka ko gorar roba a matsa ruwa ya fito ta ɗaya gefen. Sawyer Mini giram 57 ce kacal, tana shiga aljihun riga. Bakinta na milimita 28 ne, wanda ya yi daidai da gorar lemo da ta ruwa da yawa, amma ka je shago da gorar da kake amfani da ita ka murɗa ka gani. Masunta masu kwana a kwalekwale, da manoman da ke tarewa a fadama lokacin yankan shinkafa, wannan ce tasu.

Ta ratayawa ita ce ta gida da ta sansanin gudun hijira, domin nauyin ruwan ne ke yin aikin, ba hannu ba. Ana sayar da mai jaka, ana kuma iya haɗa ta da bokiti: a samu bokitin roba mai murfi na lita 20, a huda gefensa kamar yatsa uku sama da gindi don laka ta kwanta a ƙasa da ramin, a ɗaura mahaɗi da wasarsa, wato zoben robar da ke hana yoyo, a jona tiyo mai tsawon mita ɗaya, a sa matata a ƙarshensa, ta zuba cikin jarka. A ɗora bokitin a kan turmi ko a rataye a reshe. Gwargwadon tazarar da ke tsakanin saman ruwan da matatar, gwargwadon saurin zubar.

Mai famfo da tangaran a ciki, irin Katadyn Pocket, ta fi rabin kilo nauyi kuma tana da tsada, sai dai in ta toshe gogewa kawai ake yi, shi ya sa take jure ruwan laka. Mai hawa biyu da sandar tangaran a ciki, wadda ake kira kyandir, da ake samu a kasuwannin Gusau da Birnin Kebbi ta zama wuri ɗaya ce, kyandir ɗin yana fashewa a hanya. 'Yar fitilar nan mai kashe ƙwayoyin cuta da haske tana son ruwa garau da caji, biyun kuma su ne ba a samu ranar ambaliya.

Sai lissafi. Mutum ɗaya yana bukatar kimanin lita 3 na sha a rana, mai aiki a rana cikin bazara zai wuce haka nesa. Gida mai mutum 8 ke nan lita 24, in aka haɗa da ruwan kunun jarirai, da na haɗa ruwan gishiri da sukari, da ɗaurayar kofuna, a ƙiyasta 40. Matatar ratayawa mai ba da lita 10 a awa za ta gama a awa 4. Kyandir biyu masu ba da lita ɗaya da rabi kowanne a awa sai sun wuce awa 13. Ruwan wanka da wanki ba a ɓata matata a kansu.

Laka ce ke kashe matata

Nan ne aka fi yin asara. Mutum ya sayi matata mai kyau, ya ɗura mata jan ruwa kai tsaye, kafin la'asar ta koma ɗigo-ɗigo, ya ce jabu ce. Sai an rage lakar tukuna.

A ɗebi ruwa daga inda yake gudu, sama da mashayar dabbobi da wurin wanki, a nutsa bokiti kaɗan ƙasa da saman ruwa ba tare da an tayar da gindin ba. A tace da tsohon zanen auduga mai tsabta da aka ninka sau 4 zuwa 8. Kada a raina wannan: a ƙauyukan Bangaladash an gwada tace ruwa da ninkakken zane kaɗai, kwalara ta ragu da kusan rabi. Daga nan a sa alif. Kwatan ƙaramin cokali na dakakken alif ya isa bokitin lita 20: a narkar da shi a kofi, a zuba, a juya da ƙarfi minti ɗaya, a hankali minti biyar, a bar shi rabin awa zuwa awa ɗaya. In ruwan ya yi bauri a baki, an yi yawa. Inda babu alif, 'ya'yan zogale busassu suna yi: a ɓare, a dake, ƙwara ɗaya ga kowace lita ta jan ruwa, a bari awa ɗaya zuwa biyu, amma a tace a ranar, don in ya kwana yana canza wari. A tsiyaye na sama a hankali cikin bokitin matata. In an yi gaggawa aka zuba tun gudajin ba su kwanta ba, su da kansu za su toshe ta.

Bayan an tace sai kilorin. Ƙwayar kilorin ta Aquatabs mai miligiram 67 ta jarkar lita 20 ce, a rufe a jira minti 30. WaterGuard, wato kilorin na ruwa, a bi ma'aunin murfinsa yadda aka rubuta. Bilicin wanki marar turare mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin 100, ɗigo 2 ne a lita. Mai kashi 3.5, ɗigo 3. Bayan rabin awa ya kamata a ji ɗan warin kilorin, in babu a maimaita. In ba kilorin, a tafasa har ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya cur.

Abin da matata ba ta cirewa

A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara kusan 400 suka rasu. Ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gida ce babbar hanyar, amma tafkunan da aka wanke ƙasar a ciki su ma sun gurɓata. Dalmar da ta narke tana wuce rami 0.1 da 0.02 duka. Kilorin bai taɓa ta, tafasawa ma ƙara mata kauri take yi tunda ruwa ne ke tafiya ya bar ta. Ɗan gawayin da ke cikin wasu matatun yana gyara ɗanɗano ya rage maganin feshi, amma yana cika da wuri ba tare da wata alama ba. Kada a yarda da da'awar cire dalma sai an ga shaidar gwaji ta NSF/ANSI 53 da sunan dalmar a jiki. Abin da ya fi shi ne a bar wannan ruwan, a je rijiyar burtsatse ko da nisa. Haka ruwan da ke kwance a gonar shinkafa bayan feshin maganin ciyawa. Tsargiya kuma ta fata take shiga, don haka mai shiga gulbi ɗiban ruwa matata ba ta kare shi ba.

Kula da ita

Matata irin Sawyer, mai siraran zare masu rami a ciki, tana zuwa da sirinji. Da zarar zuba ta ragu, a cika shi da tataccen ruwa, a kafa a bakin fita, a tura da ƙarfi lokaci guda, a maimaita har ruwan ya fito fari. Turawa a sanyaye tana buɗe hanya ɗaya ne kawai ta bar sauran a toshe. Sirinjin kada ya taɓa ruwan gulbi ko sau ɗaya. In ta bushe ta ƙi zuba, musamman bayan ruwan rijiya mai kanwa-kanwa, a jiƙa ta awa ɗaya a ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, ko a ruwan khal, sannan a wanke ta baya. Ruwan zafi sama da digiri 60 yana lalata zaren, haka barinta a gaban mota ko a rufin kwano cikin watan Afrilu.

Jakar matsewa a bakin ɗinki take fashewa, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: matata ta toshe aka ƙara ƙarfi maimakon a wanke. Ƙaramar wasar roba da ke cikin baki in ta faɗi, gurɓataccen ruwa zai bi ta waje ya ɗiga cikin mai kyau, don haka a ajiye biyu na ko-ta-kwana. Tangaran ana goge shi da soso da ruwa zalla, ba sabulu, a kuma daina da zarar farinsa ya fito, don kowace guga tana cinye shi. Matatar da ta faɗi ƙasa sannan ta fara zuba da sauri fiye da da, ko ruwan ya fito da duhu-duhu, ta tsage a ciki, a jefar.

Tataccen ruwa a zuba shi a jarka mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayowa. Randar da kowa ke tsoma moɗa da hannu tana mayar da aikin baya. A yi wa bokitin ɗanyen ruwa alama da jan ƙyalle don yara kada su haɗa.

Kafin a ajiye matata na dogon lokaci, a bi ta da lita ɗaya ta ruwa mai ɗan kilorin, a kakkaɓe, a shanya a inuwa ta bushe sarai, in ba haka ba ta yi fumfuna. A haɗa ta a leda ɗaya da sirinji, tiyo, wasa, alif, zane da ƙwayoyin kilorin, a rataye sama inda ruwa ba zai kai ba. A watan Mayu, kafin damina ta kankama, a fito da ita a jiƙa a gwada lita biyu, a kuma duba kwanan watan magani: ƙwayar da ke cikin ledarta tana kai shekara 5, na ruwa kuwa a zafinmu yana rage ƙarfi cikin 'yan watanni, gara a sayi sabo kowace shekara.